Yadda Ake Haɗa Hannu a Gano Tangarɗar da Ke Bayyana a Wata Kwamfuta Kaɗai

Duk wanda ya taɓa sa hannu a manhajar da jama'a ke ginawa tare ya sha jin wannan maganar: "Ni dai a wajena tana aiki." Wasu da ita suke rufe zance. Ni kuwa rabin shaida nake ɗaukarta. Idan manhaja ta tashi lafiya a Linux ta ƙi a Windows, amsar tana cikin bambancin na'urorin biyu, kuma da wuya mutum ɗaya ya mallaki duka. Shi ya sa wanda bai iya rubuta ko layi ɗaya ba, amma yana da kwamfutar da abin ke lalacewa a kanta, yake da muhimmanci ƙwarai.

Idan kai ne ka ci karo da matsalar, fara da duba ko wani ya riga ya kai rahotonta. In ka samu, kada ka rubuta "ni ma haka" ka wuce. Faɗi tsarin da kake kai da sigarsa, da sigar manhajar, da abin da ka yi ɗaya bayan ɗaya, da abin da ka sa ran gani, da abin da ya fito. Saƙon kuskuren kuma kwafo shi gaba ɗaya a rubuce. Hoton allo ba ya shiga bincike, kuma sau da yawa yana yanke layin da ake nema.

Daga nan sai rage aikin. Cire duk abin da za a iya cirewa har ya rage 'yan layukan da har yanzu suke faɗuwa. A nan aka fi jin gajiya, amma a nan ne sau da yawa dalilin yake fallasa kansa tun kafin wani ya amsa.

Akwai wuraren da nake fara leƙawa, don nan ɓarnar ta fi ɓuya. Windows yana ƙare layi da alamomi biyu, CR da LF, alhali Linux da macOS LF kaɗai suke sawa. Fayil ɗin umarni da aka adana a Windows zai iya ƙin tashi a Linux saboda alamar da ido ba ya gani, kuma fayil ɗin .gitattributes na Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canje) ne ke daidaita wannan ga kowa. Sai manya da ƙananan haruffa: a Linux, Hoto.png da hoto.png fayiloli biyu ne, amma Windows da macOS a saitinsu na asali ɗaya suke ganinsu. Windows kuma ba ya yarda a sa wa fayil suna CON ko NUL ko AUX, kuma tsohuwar iyakarsa ta haruffa 260 a hanyar fayil tana nan tana kama mutane. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na tsarin adana haruffa. Shirin harshen Python da ya buɗe fayil ba tare da an ce masa UTF-8 (tsarin da ke ɗauke da haruffan harsuna daban-daban) ba, a Windows yakan koma tsohon tsari irin cp1252, wanda babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. Rubutu ya fita sumul a kwamfuta ɗaya, ya tsaya cak a ɗaya.

In da can manhajar tana aiki sai daga baya ta daina, a roƙi mai na'urar ya yi amfani da git bisect, umarnin da ke gano canjin da ya kawo matsalar. Zai nuna sigar da ke lafiya da wadda ta lalace, Git ya riƙa raba tsakaninsu biyu. Canje-canje 1,000 gwaji kamar 10 ya ishe su. A rubuta masa umarnin dalla-dalla, a kuma yi haƙuri da shi, domin lokacinsa yake bayarwa kyauta.

Bayan gyara, kada a rufe rahoton sai wanda ya kawo shi ya gwada ya tabbatar. Sannan a mayar da waɗancan 'yan layukan gwaji na dindindin, a sa shi cikin GitHub Actions (tsarin da ke gudanar da gwaji da kansa) ko makamancinsa ya riƙa gudana a Ubuntu (wani nau'in Linux) da Windows da macOS duk lokacin da wani ya turo sabon canji.