Yadda za ka gane ko kowa ya yi zubi, da JavaScript

Jiya ƙanwata da ke riƙe adashen mata a unguwarmu ta Kofar Marusa ta ce in yi mata ɗan abin da zai riƙa faɗa mata ko kowa ya kawo kuɗinshi cif, to da shi zan nuna maku yadda ake duba jerin abubuwa, wanda masu kodin ke ce ma arre.

Da farko ka zuba kuɗin a jeri:

const zubi = [5000, 5000, 3000, 5000];

Sai ka tsaya ka san me kake tambaya, don wallahi nan ne mutane ke rikicewa. In tambayar ita ce kowa ya cika dubu biyar, every za ka kira, k ɗin da ke ciki yana nufin kowane zubi a jerin:

zubi.every(k => k >= 5000)

Zai ba ka false, wato a'a, saboda yana isa kan mai 3000 ɗin nan ya tsaya, ba ya ma duba na huɗu. In kuma so kake ka ji ko akwai ko mutum ɗaya da bai cika ba, sai some:

zubi.some(k => k < 5000)

Wannan true ne, wato eh. Su biyun tun 2009 suke cikin yaren JavaScript, kowace burauza ta san su, ba sai ka wahala da dogon for ba, wato kodin da ke bin jeri ɗaya bayan ɗaya.

Amma ita uwar adashe ba eh ko a'a kaɗai take so ba, so take ta san wa za ta bi gida. Nan findIndex, mai faɗa maka matsayin abu a jeri, in ka ba shi sharaɗin da ka ba some, zai ba ka 2, ka tuna daga 0 ake fara ƙirga, ke nan ta uku ce. In suna da yawa, filter zai tattaro maka duk zubin da bai cika ba a sabon jeri.

Yanzu ga inda nake so ku natsu don Allah. In jerin ba komai a ciki, farkon wata ba wanda ya zuba ko sisi, every zai ce true, wai kowa ya biya, tunda bai samu wanda ya saɓa sharaɗin ba, kuma kuɗin mutane ne fa, amana ce. Don haka ka fara duba tsawon jerin, ko ya kai yawan masu zubin, su huɗu a nan:

zubi.length === 4 && zubi.every(k => k >= 5000)

Sannan duk abin da aka shigar ta fom rubutu yake zuwa, "900" zai fi "5000" girma in duka biyun rubutu ne. Ka juya su da Number kafin ka sa su a jerin.