Yadda gari zai dawo da zabin daji cikin dajinsa

Duk wanda ya haura shekara sittin a ƙauyukan Maraɗi ya san lokacin da garken zabin daji ke tsallake hanya da sassafe, a kuma ji kukansu da magariba suna hawa itace. Farin 1973 da na 1984 ya ci itatuwa, jama'a ta ƙaru, saura ta koma gona, tarko da ɗibar ƙwai suka ƙarasa abin da ya rage. Itatuwan sun dawo, albarkacin sassaben zamani, wato barin tohon kututturen itace ya girma a gona, da aka soma a yankin Maraɗi a 1983, wanda ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Amma zabuwa ba ta biyo su ba a wurare da yawa, domin a ƙasa take ƙwai, cikin ciyawa. Gona mai gawo hamsin wadda aka share ƙasanta fes ba ta da wurin da zabuwa za ta ɓoye sheƙa.

Saboda haka gyaran wuri da jituwar mutane su ne aikin. Kawo tsuntsu daga wani wuri shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma bukatarsa.

A soma da bincike. A tambayi mafarauta da makiyaya inda suka ga garke na ƙarshe, su ne ke kwana a dawa. Sannan a je a duba da ido: sawu mai yatsu uku a kan rairayi, gashi mai ɗigon fari, ɗan gurbin da suke birgima cikin ƙura, da kashi a gindin babban itacen da suke kwana. Idan akwai garke a tazarar 'yan kilomita, musamman garuruwan da ke kusa da bakin gulbi ko dajin Baban Rafi, to a gyara wuri kawai, da kansu za su iso.

Sai yarjejeniya, kuma a nan ne aikin ke tsayawa ko ya faɗi. Mai gari ya tara sarkin baka, da arɗon makiyaya, da limami, da matan da ke shiga daji itace da ganye, da samari. Kada a bar makiyaya a baya, domin yaran da ke bin awaki su ne suka fi kowa cin karo da sheƙa. A amince a kan abubuwa ƙalilan da kowa zai iya riƙewa: ba ɗibar ƙwai daga ruwan farko har a cire amfanin gona, ba tarko ba farautar tocila na aƙalla shekara uku, ba shiga wurin da kare da damina, ba yankan ciyawa a can sai kaka ta wuce. A faɗi tarar wanda ya karya, a faɗi inda kuɗin za su shiga. A rubuta, kwamitin filaye na gari da ofishin magajin gari su sa hannu, a kai wa ma'aikatan gandun daji kwafi, tun da dokar farauta ta 1998 ta sa kamun naman daji a ƙarƙashin izininsu. Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: toshe burtali ko hanyar mashaya. Garin da ya yi haka ya sayi rigima, kuma wanda aka tauye ba zai tsare sheƙar kowa ba.

Wurin da za a keɓe ba sai ya yi faɗi sosai ba, hekta 10 zuwa 20 na makiyayar gari ko tsohuwar saura sun isa farawa, muddin gonakin kewaye za su taimaka. Ana son wuri mai duhuwar tsiro. A bar sabara da kalgo da geza da magarya su yi kurmi, kada a sassabe su har sama kamar yadda ake yi a gona. Inda ƙasa ta yi faƙo, a haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a watsa irin kyasuwa, a dasa gindin gamba da ruwa ya zauna. Masu gonakin da ke maƙwabtaka su bar layin gamba mai faɗin taku biyu a kan iyaka. Wannan layin shi ne hanyar da uwa ke bi da 'ya'yanta ba tare da shirwa ta hango su ba, ga kuma zana da za a samu daga baya.

Wurin kwana kuwa sai dogon itace mai rassa, kamar tsamiya, kanya, aduwa ko bagaruwa. Gawo yana da amfani da rani, amma yana zubar da ganye da damina, don haka kada a dogara da shi kaɗai. A hana sassaka da saran ganyen dabbobi a itace uku ko huɗu da aka zaɓa.

Ruwa shi ke riƙe garke daga Maris zuwa Mayu. A gina kwami na siminti, zurfinsa kada ya wuce santimita 5 zuwa 8, bakinsa a kwance don kada ƙanana su nutse, a zuba tsakuwa a ciki. A sa shi kusa da kurmi, taku kamar goma, yadda za su ruga su ɓuya idan shaho ya kawo sura. Jarka ɗaya ta lita 20 a rana ta isa, a riƙa wanke kwamin duk mako. In za a ɗan watsa hatsi a ƙarshen rani, rabin tiyar gero ko dawa a warwatse ya wadatar. Tara shi wuri guda na kiran ɓeraye da kajin gida. Ciyawar da aka bari kuma abincin wuta ce, don haka da kaka a share layin kare gobara mai faɗin mita 10 zuwa 15 a kewaye.

Idan damina biyu ta wuce ba a ga ko sawu ba, sai a yi maganar kawowa, da izinin gandun daji. Ƙwai ake nema na zabin daji na ainihi, daga sheƙa dabam-dabam don kada duka su zama jini ɗaya, kuma ba a kwashe sheƙa kaf. Zabuwar daji kan yi ƙwai 6 zuwa 12. A ɗauko su cikin ƙaiƙayi, a sa wa kaza mai kwanci kamar goma kafin su kwana bakwai. Kwana 26 zuwa 28 suke ƙyanƙyashewa. Makonni shida na farko su ne masu wuya, raɓa da sanyi ke kashe 'yan tsakin zabi fiye da komai. A tsare su a wuri busasshe, kada a sake su sai rana ta ɗaga, a ba su gara da tsakin gero da ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi. A yi musu rigakafin cutar kaji ta Newcastle wajen likitan dabbobi. Kada yara su riƙa wasa da su, zabon da ya saba da hannu ba ya gudun mutum, ba ya gudun kare.

Da sun kai wata uku, a kafa keji na waya a cikin wurin da aka keɓe, mita 10 a kan 5 ga tsuntsu ashirin, a rufe samansa, a binne gindin wayar zurfin kamu ɗaya saboda tunku da muzuru, a gicciya sanduna a sama su koyi kwana a bisa. Su yi mako uku zuwa huɗu a ciki. A soma sakin rabi, na ciki za su riƙa kiransu su hana su nisa, bayan mako guda a saki sauran. Kaka ce lokacin da ya dace, ga fara ga tsabar ciyawa. A sa a rai cewa da yawa ba za su ga damina ta gaba ba, shi ya sa sakin biyar ko shida asara ce kawai.

Kada a cika garken da zabin gida don a ga yawa. Jinsinsu ɗaya, suna barbara, amma 'ya'yan kan fito da nauyi da rashin tsoro, ga cutar kaji da suke kai wa na daji. Ana gane mai jinin gida da farin gashi a ƙirji ko fiffike, da ƙafa mai ja-ja maimakon baƙa. Masu kiwon zabi su nisanta garkensu da wurin, su kuma yi rigakafi kafin hunturu.

Ƙorafi zai zo lokacin shuka, domin zabi na tonon iri a gonakin da ke bakin daji. Gaskiya ne, kada a musa wa manomi. A sa yara tsaro da safe da yamma na kwanaki goman farko, kuɗin tara kuma su biya irin da aka sake shukawa. Feshin maganin fara kusa da wurin kuwa a daina shi da damina, ƙwari ne abincin 'yan tsaki.

Ƙidaya sau biyu a shekara ta isa. A watan Afrilu mutum biyu su laɓe nesa da kwami da asuba kwana uku a jere, su rubuta adadi mafi yawa da suka gani. A watan Oktoba kuma a ƙirga uwaye nawa ke tafe da 'ya'ya. In manya na nan amma babu ƙanana, a koma kan ciyawa da masu ɗibar ƙwai. In akwai ƙanana da kaka amma garke bai ƙaru da rani ba, a bi bakin kurmi a nemi tarko.