Yadda Ake Renon Gawo a Gona

Lokacin sassabe, in ka ga gawo ya toho daga tsohon kututture, don Allah kar ka sare shi. Zaɓi rassa biyu ko uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Ni nakan kewaye nawa da ƙayar aduwa, don awaki ba sa raga masa.

A gonarmu ta Matamaye, geron gindin gawo ya fi kowanne cikar zangarniya. Da damina gawo yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani 'ya'yansa jajaye masu lanƙwasa sukan zubo, tumaki su yi ta rububinsu.