Kalmomin da za ka ji a jirgin Yawuri, da abin da za ka yi in ka ji su

'Yan jirgin ruwa a Yawuri da Wara, garuruwan bakin Kogin Kwara a jihar Kebbi, ba sa doguwar magana a tsakiyar ruwa, kuma ba sa maimaitawa. Gara ka riƙe kalmominsu tun kana gaɓa.

Komi shi ne ƙaramin kwale-kwalen masunta, wanda aka sassaƙo daga gungume guda. Na fasinja kuwa, mai kwasar mutane da buhunan hatsi ranar kasuwa, da katako ake haɗa shi, a ɗaura masa inji. Gabansa goshi, bayansa gindi, kuma a gindin matuƙi ke zama. In ya ce "a koma goshi", nauyi ne ya taru masa a baya. Ka matsa a duƙe, hannunka a kan katako, kada ka miƙe tsaye. Fito shi ne ƙetarar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, ladan kuma kuɗin fito. Filafili na tuƙi ne, gora ta tokarar ƙasa inda ruwa bai da zurfi.

Kalmar da na fi so ka riƙe ita ce kwarfa. Jirgin katako ba ya rasa yoyo, shi ya sa za ka ga yaro tsugune a tsakiya da yankakken galan, yana ɗebo ruwa yana watsarwa waje. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne yaron na ta kwarfa amma ruwan na hawa idon sawu. A nan in matuƙi ya ce, "Malam, a taya mu kwarfa," ka ajiye girma da babbar riga ka karɓi galan.

In an yi ihun "kututture!", riƙe gefen jirgi. Tun da aka tare Kogin Kwara da madatsar Kainji a 1968, itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa, kuma su ne ke fasa cikin jirgi, musamman in ruwa ya ja baya. Kainuwa ita ma kan naɗe farfelar inji, sai an kashe an tsince.

Sai lodi. Kafin ka shiga, dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da leɓen jirgin. In bai wuce tafin hannu ba, jira na gaba, ko da an ce shi ne na ƙarshe. A watan Mayun 2021 wani jirgi maƙare da mutane ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, aka rasa rayuka da dama.

Ka nemi rigar ruwa, ka ɗaure igiyoyinta tamau, ba rataya kawai ba. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, don haka in la'asar ta yi sanyi ba a gama lodi ba, nemi wurin kwana a garin.