Daga Wata Huɗu Zuwa Shida: Shirin Mai Cikin Fari Kafin Jiki Ya Yi Nauyi

Idan laulayi ya sake ki, kin daina gudun ƙamshin albasa a cikin mai, har kin fara cinye tuwo kina neman ƙari, to 'yata kin shiga tsakiyar ciki ke nan. A lissafinmu na ɗakin awo, daga mako na 14 ne zuwa na 27, wato wata na huɗu zuwa ƙarshen na shida. Amai ya tafi, nauyi bai iso ba tukuna. Yawancin masu cikin fari nan suke miƙe ƙafa, sai ciki ya kai wata takwas a fara guje-guje. Na daɗe ina zaune a teburin awo a wani ƙaramin asibiti a wajen Zariya, kuma abin da nake gaya wa duk wadda ta zauna a gabana shi ne, duk wata magana mai nauyi a waɗannan watanni uku ake gama ta. Tun ran gini, ran zane.

Ki fara da yankar kati, idan ba ki yanka ba. Na san abin da yake riƙe ku. Kunya ce, da kuma faɗar manya cewa a bari ciki ya yi ƙwari kada baki ya kama shi. Ba wanda ya ce ki yi shela. Ki zura dogon hijabinki ki zo, mu ba ma kai labari unguwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu: na farko kafin mako na 12, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Idan na farkon ya wuce ki, ba komai, ki zo a wannan makon. Ki taho da ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe, ko da lissafin watan Musulunci ne, za mu juya shi. Ki karya kumallo kafin ki fito, ki riƙo ruwa a gora, domin layin awo ba ya tausayin mai jin yunwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mace ta karɓi katinta ta naɗe ta jefa a jaka, ba ta san abin da aka rubuta a kanta ba. Abu uku nake so ki sani da bakinki, ko cikin barci aka tashe ki.

Na farko awon hawan jini. Lamba biyu ake rubutawa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, magana ta canja. Hawan jinin ciki bayan mako na 20 yake fara nuna kansa, kuma ya fi kama mai cikin fari, ko da yarinya ce shakaf wadda ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Shi ya sa muke miƙa miki 'yar kwalba ki kawo fitsari, mu tsoma ɗan tsinken takarda mu ga ko launinsa zai juya. Idan aka ƙyale hawan jinin nan, shi ne yake zama jijjiga: mace ta sandare, ta ciji harshe, kumfa na fita, mutanen gida su ce iska ce ta taɓa ta, a ɗauko garwashi a fara hayaƙi. Ban hana addu'a ba, ni ma da ita nake buɗe aiki kullum. Amma a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti. Kafin a kai ga haka jiki yakan yi gargaɗi. Ciwon kai mai sara wanda farasitamol bai taɓa shi ba, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, fuska ta kumbura da safe, zobe ya ƙi fita daga yatsa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ko ɗaya kika gani, kada ki jira ranar awo. Haka ma jini, komai ƙanƙantarsa, da ruwa mai zuba ba fitsari ba, da zazzaɓi.

Na biyu yawan jininki. Za ki ga an rubuta PCV da lamba a gabansa. Idan ya sauka ƙasa da 30, sai an tashi tsaye, domin haihuwa da kanta tana cin jini, kuma wadda ta shiga naƙuda da ƙarancinsa ba ta da rarar da za ta zubar.

Na uku rukunin jini, musamman ko fozitif ne ko nagetif. Wannan ya shafe ki ƙwarai saboda cikin fari ne. Idan ke nagetif ce, jaririn ya ɗauko fozitif na babansa, yawanci shi ɗan farin lafiya lau yake fitowa, ƙannensa ne suke shan wahala, domin jininki ya riga ya koyi yaƙar irin nasu. Akwai allura, Anti-D, da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, wasu asibitocin kuma har a mako na 28. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake ajiye ta ba, don haka yanzu ne lokacin da maigida zai san inda zai samo ta. Sauran gwaje-gwajen, na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau da tunjere, ki bari a yi duka, kada ki ce ai an yi kafin aure. Gwajin suga kuma tsakanin mako na 24 da 28 ne.

Za mu ba ki ƙwayoyi, na kuma san inda da yawansu suke ƙarewa: ƙarƙashin katifa. Maganin ƙarin jini yana sa bayan gida ya yi baƙi ya yi tauri, wata ma har tashin zuciya. Baƙin ba ciwo ba ne. Ki mayar da shansa dare bayan kin ci abinci, ki kora da ruwa ko ruwan lemo, ban da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukarsa. Zancen cewa yana sa yaro ya yi ƙato har ya gagari haihuwa, ban san wanda ya ƙirƙiro shi ba, amma ya cuci mata. Idan an haɗa miki da kalsiyam, ki raba musu lokaci, ɗaya safe ɗaya dare.

Fansidar kuwa, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku ce a haɗiye a gabanmu, daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Za ki ce ai ke ba kya zazzaɓi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana iya laɓewa a mabiyiya ba tare da jikinki ya yi zafi ba, tana shan jininki, yaro ya fito ɗan mitsitsi, kuma masu cikin fari ta fi yi wa haka. Idan kina shan Septrin kullum, ko ya taɓa feso miki da ƙuraje, ki faɗa kafin a ba ki. Gidan sauron da aka raba miki, a ɗaura shi a kan gadonki, ba a kewaye lambun tumatir ba. Allurar tetanus biyu ce a cikin fari, da tazarar aƙalla mako huɗu, ta biyun kuma kada ta matso ranar haihuwa. Sannan ki daina aiken yaro kemis. Ibuprofen da Diclofenac da haɗin nan da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki, duk ba naki ba ne yanzu.

A cikin wannan tsakanin ne za ki ji motsi. Mai cikin fari takan ji shi wajen mako na 18 zuwa 20, wata ma ya ɗan wuce haka. Ba naushi ba ne da farko, ɗan ɓul-ɓul ne a ƙasan cibiya kamar kunu ya fara tafasa, har ki ɗauka iska ce. Kwana kaɗan za ki gane shi. Ki lura da lokutan da ya fi yi, bayan cin abinci ne ko idan kin kwanta, domin nan gaba idan ya ragu ke ce za ki fara sani kafin kowace na'ura. Idan mako na 24 ya cika ba ki ji komai ba, ki zo mu saurara. Sikanin mafi amfani shi ne na mako 18 zuwa 22. Kowa tambayarsa ɗaya, mace ce ko namiji. Ke ki tambayi inda mabiyiya ta kwanta, ko ɗaya ne ko tagwaye, da ko lissafin watanninki ya yi daidai.

Ƙwannafi, da ɗaurewar ƙafa cikin dare, da baƙin layin da ya sauko daga cibiya, da nankarwa, duk na hanya ne. Ki riƙa cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki kwanta da cikar ciki, ki shafa man kaɗanya inda yake ƙaiƙayi. Ki fara saba wa kanki kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, domin daga wata bakwai rigingine ba naki ba ne.

Abinci ba sai na kanti ba. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, kwaɗon zogale, miyar alayyahu ko ta kuka da ɗan nama, awara, nonon da aka dafa, gwanda, goba, lemo. Wadda ta ce kada ki ci ƙwai, ki ce to, ki shiga ɗaki ki ci. Idan kin ji ranki yana biya miki farar ƙasa ko ƙanƙara ko gawayi, ki gaya mana, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Maganin zaƙi kuma, na san za a kawo miki shi a galan daga gidanku ko gidan miji, da kyakkyawar niyya. Matsalata da shi ita ce ba wanda zai iya gaya mini abin da aka jiƙa a ciki da yawansa, kuma akwai saiwoyin da suke tayar da mahaifa kafin lokaci. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye.

Yanzu ga babban aikin, wanda ba a teburina ake yin sa ba. Ki samu maigida ranar da yake cikin nishaɗi, ku yanke inda za ki haihu. Idan za a kai ki goyon ciki gidanku a wata na bakwai kamar yadda aka saba wa 'yar fari, to a san asibitin da ya fi kusa da can, a je a gan shi ido da ido, a tambaya ko suna aiki da dare, ko suna da jini, ko suna yin tiyata, idan ba sa yi ina suke turawa. Ki tafi da katinki da takardun gwajinki gaba ɗaya. A samu mai mota ko mai adaidaita na unguwa wanda zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, a ajiye lambarsa a wayarki da ta Mama, a kuma samu na biyu. A ware kuɗin da ba na ragon suna ba ne, ba na atamfar fitar suna ba. Idan kina adashi, ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo a wata na bakwai. A san mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini.

Sai izini. Na ga matan da suka kwana suna naƙuda a ɗaki saboda maigida yana Legas ko Fatakwal, wayarsa ba ta shiga, ba kuma wanda ya isa ya ce a fita da ita. Ki sa ya faɗa da bakinsa tun yanzu, a gaban Hajiyarsa da mahaifiyarki: ko ba na nan, a kai ta. Ke ma ki cire wa kanki kunyar nan ta cewa 'yar fari ba ta nuna ciwo. Ciwon mara da baya mai zuwa yana dawowa a jere, ko faya ta fashe, ki tashi wadda take kusa da ke. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba jarumta ba ce, ita ce take kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina neman ɗinkin yoyon fitsari.

Maganar jego ma yanzu ake yin ta, tun ana dariya, domin ranar da kika haihu ba ki da bakin musu da tsohuwar da ta zo yi miki wanka. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura matan yankin Zariya suna yawan zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Ba na ce a bar wanka ba, yana warware gajiya. A surka ruwan ya zama wanda fata za ta ɗauka, kunun kuma a yi na gyaɗa ko na tsamiya. Ki nemi Mama ta tsaya miki a kan abu uku: a sa miki jaririn a nono cikin awa ɗaya, kada a matse dakashi a zubar domin shi ne rigakafinsa na farko, kuma ba ruwa ba ɗauri har wata shida. Cibiya ba a gasa ta da tsumma ko kasko, ba a shafa mata man goge baki. Akwai ɗan man shafawa da aka rubuta Chlorhexidine a jikinsa, na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna kuma tun kafin suna ake yin su, ba sai an yi arba'in ba.

Kayan jariri kada su ɗauke miki hankali, 'yan barka za su kawo riguna har ki rasa inda za ki zuba. Ki sayi 'yan kaɗan na auduga, da hula da safa da tawul biyu masu laushi. Abin da ba mai kawo miki shi ne kayan ɗakin haihuwa. Ki karɓi takardar jerin kayan daga asibitin da kuka zaɓa, domin kowanne da nasa, ki riƙa saye ɗaya-ɗaya duk ranar awo: audugar mata manya, safar hannu, ledar shimfiɗa, sabulu, tsofaffin zannuwa wankakku guda huɗu ko biyar, da fitila mai caji saboda wuta. Ki zuba su a jaka ɗaya, katin awo a aljihun gaba, ki nuna wa maigida da Mama inda kika ajiye ta kafin wata na bakwai ya kama.