Kurakuran da masu zaɓen tafiyar hawan dutse da jagora suke yawan yi

Na gaji da ganin abu ɗaya. Mutum zai yi shekara yana tara kuɗi, ya ɗauki hutu, ya biya kamfani a kai shi Kilimanjaro ko sansanin gindin Everest, sai ka gan shi ya dawo jiki a sanyaye yana cewa dutsen ne ya fi ƙarfinsa. Sau da yawa dutsen ba shi da laifi. Tun a gida aka yi kuskuren, ranar da ya zauna da waya a hannu yana kwatanta farashi.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne rage kwanaki, kuma ni ma ya taɓa ci na. Karo na farko da na je Kilimanjaro a Tanzaniya, na zaɓi hanyar Marangu ta kwana 5, don ita ce mafi araha kuma hutuna gajere ne. Daren farko mun kwana a Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, wajen mita 3,700. Na uku a Kibo, wajen mita 4,700. Duba lissafin da kyau: kowane dare ana ƙara mita 1,000. Alhali shawarar likitocin tsaunuka ita ce, da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma ka huta kwana guda duk bayan kwana 3 ko 4. Ƙololuwar dutsen, Uhuru, tana kan mita 5,895, inda kowane numfashi yake kawo maka kusan rabin iskar oksijin da kake samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa da wannan, amma sai an ba shi lokaci. Tsakar dare muka tashi daga Kibo, kafin asuba ina amai, kaina kamar zai tsage, ƙafafuna sun ƙi bin umarni. Haka aka juyo da ni. Kuɗin jirgi, kuɗin shiga gandun dajin da dutsen yake ciki, kuɗin kaya, duk sun tafi saboda na yi ƙyashin biyan kwana biyu.

Kuma don Allah kada wani ya ce mini shi ɗan motsa jiki ne. Ni ma a lokacin kullum ina gudu da safe. Ciwon tudu, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin a sama yake kawowa, ba ruwansa da ƙarfin ƙwanji, har masu ƙarfin ma sukan faɗa, domin suna sauri. Jagororin Kilimanjaro ba abin da suke maimaitawa kamar “pole pole”, wato sannu sannu da Swahili. Da na koma, hanyar Lemosho na bi ta kwana 8. A wannan hanya akwai ranar da za ka hau Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan ka gangaro ka kwana a Barranco ƙasa da mita 4,000. A hau sama da rana, a kwana ƙasa da dare, haka jiki yake koyo. Tun daga nan, kafin in kalli farashi, jadawalin kwana nake fara karantawa, in rubuta tsayin kowane masauki a takarda. Idan tafiyar sansanin Everest ce a Nepal, wanda yake kan mita 5,364, in ban ga kwana biyu a Namche Bazaar da kwana biyu a Dingboche ko kusa da shi ba, rufe shafin nake yi.

Akwai wani laifin da yake nawa ni kaɗai: tun a Horombo na fara jin ciwon kai, na ɓoye wa jagora don kada a ce in tsaya. Ku daina wannan. Ciwon kai da jiri da rashin cin abinci gargaɗi ne. Idan aka yi taurin kai, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma waɗannan suna kisa. Wanda ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yake haki yana zaune, maganinsa a sauko da shi nan take, ko da dare ne.

Kuskure na biyu shi ne bin kamfani mafi araha. Araha ba ta ado. Kuɗin shiga gandun daji gwamnati ce ta yanke shi, kamfani ba zai iya rage shi ba. To daga ina rangwamen da aka yi maka ya fito? Daga albashin 'yan dako, daga abincinsu, daga tantin da yake yoyo. A wancan zuwan na farko na ga yaro matashi ɗauke da kayanmu a ka, takalminsa a yage, cikin sanyin da ni da riguna huɗu nake rawar ɗari. Har yau abin yana damuna, domin ni na biya kuɗin da ya jawo hakan. Ƙa'ida a Kilimanjaro ita ce kada kayan da aka ɗora wa ɗan dako su wuce kilo 20. Akwai ƙungiyar KPAP da take sa ido kan yadda ake biyansu da kula da su, ka tambaya ko kamfanin yana aiki da ita. Ka kuma tambaya: jagora nawa ne ga mutum nawa? Suna ɗauke da tukunyar oksijin? Suna auna oksijin na jini safe da yamma? Idan mutum ɗaya ya kasa, wa zai sauko da shi, kuma sauran za su ci gaba? Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana kan waɗannan tambayoyi, ni ba na sake rubuta masa. Sannan ka ware kuɗin tukuici tun daga gida, ka miƙa shi a gaban kowa, kada ka damƙa wa mutum ɗaya ya raba a ɓoye.

Inshora ma mutane suna saya ba su karanta ba. Yawancin ta matafiya tana da iyakar tsayi, kuma ba kowace ce take biyan jirgi mai saukar ungulu ba. Nemi layin da aka rubuta adadin mita, ka tabbata ya wuce inda za ka.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Lokaci: a Nepal damina tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, mafi kyau Oktoba da Nuwamba ko Maris zuwa Mayu, a Kilimanjaro kuwa Afrilu da Mayu ruwa ne sosai. Hanyar Inka ta ƙasar Peru a rufe take duk Fabrairu, kuma mutum 500 kawai ake bari a rana har da jagorori da 'yan dako, don haka watanni kafin tafiya ake neman izini. Sabon takalmi bororo zai yi maka tun rana ta biyu, ni sai na yi wata biyu ina yawo da nawa. Rigar auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, bar ta a gida. Maganin Diamox da ake sha don ciwon tudu, ka ga likita kafin ka sha, kuma ba ya maye gurbin kwanakin hutu. Idan ta Lukla za ka bi, garin da ake sauka da jirgi a fara tafiyar sansanin Everest, hazo yakan hana ƙananan jiragen tashi, ka bar kwana biyu tsakanin saukowarka da jirgin komawa gida.