Yadda Ake Kula da Wanda Jiƙon Wiwi Ya Rikita wa Ciki

A Legas wiwi ya wuce abin naɗewa a takarda a zuƙa. Ana jiƙa ganyensa da 'ya'yansa a cikin barasar ogogoro a sayar a bakin tasha da sunan monki tel. Ana zuba shi a zoɓo, wani lokaci har da taramol ko kodin, a ce sukuchis. Akwai kuma masu jiƙa nasu a ɗaki cikin kwalba, suna ɗiba da murfi, wai maganin basir ne, ko na ciwon jiki, ko na rashin barci. Ta wannan ƙofa ta ƙarshe yaranmu 'yan ci-rani suka fi shiga. Mai dako a Mile 12, mahauci a Oko-Oba, mai gadi a Lekki, wanda ko a mafarki ba zai riƙe kwalbar giya ba, sai ka ga ya kurɓa saboda an ce masa magani ne.

Ba yadda ake haɗa shi zan koyar ba. Doka ta hana, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da aka kafa a 1989 tana kama mutane a kansa, kuma wanda ya jiƙa da hannunsa ma bai san ƙarfin abin da ya jiƙa ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke biyo baya: yaro ya kwana yana amai a ɗaki, 'yan ɗakinsu sun tsaya cirko-cirko, wannan ya ce taifot ne, wancan ya ce jifa ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ke amfani da wiwi a Najeriya. Don haka wannan ba matsalar gidan wani ba ce can nesa.

Da farko ka san abin da ke faruwa a cikinsa

Wanda ya zuƙa yakan ji shi cikin 'yan mintuna. Wanda ya sha ta baki kuwa sai ya yi minti 30, wani har awa 2, bai ji komai ba, domin sai abin ya bi ta ciki ya isa hanta. A hanta sinadarin THC, wanda shi ne ke sa maye a wiwi, yake juyewa ya zama wani mai kama jiki sosai, kuma mai daɗewa, awa 6 zuwa 8 ko fiye. A wannan tazarar ake yin ɓarnar. Mutum ya kurɓa, ya ji shiru, ya ce wannan ba shi da ƙarfi, ya ƙara murfi biyu. Sai su taso masa gaba ɗaya.

Shi kuma ciki yana da nasa rabon. Wiwi yana rage saurin da tumbi ke tura abinci gaba, shi ya sa ake samun kumburi, gyatsa da nauyin ciki tun daren jiya har hantsi. Yana busar da baki. Barasar da aka jiƙa shi a ciki tana ƙona bangon tumbi, tana tayar da ƙwarnafi, tana fama gyambon ciki ga mai shi. In akwai kodin ko taramol a haɗin, bayan gida ya ƙi fita kwana da kwanaki. Wasu kuma zawo suke yi.

Mataki na farko: tambaye shi, ba da tsawa ba

Kafin a ba shi ko da ruwa, a san me ya sha, nawa, da ƙarfe nawa, kuma a ina ya samo. Idan ka shigo da faɗa da "ka kunyata mu", ƙarya zai yi maka, kai kuma ka yi ta jinyar abin da babu. Ka sallami 'yan kallo, ka zauna kusa da shi ka ce, "Ƙanena, ba hukunci na zo yi ba, lafiyarka nake nema. Me ka sha?" In ya kasa magana, abokin yawonsa ya sani. In akwai ragowar kwalbar, a ɗauke ta a ajiye inda yara ba za su kai ba. Wannan na ƙarshe kada a yi wasa da shi, musamman a gidan haya inda firji ɗaya ke ɗauke da kayan mutum goma: jan ruwa a gora, yaro zoɓo zai ɗauka, kuma abin da zai sa babba layi kawai yana iya sumar da ƙaramin yaro ya danne masa numfashi.

Na biyu: daren farko

Idan yana cikin maye yana amai, kwantar da shi a gefe, ba rigingine ba, a tanƙwara ƙafar sama, fuska ta ɗan kalli ƙasa yadda aman zai zubo waje. Masu maye da dama ba abin da suka sha ne ya kashe su ba, amansu ne ya shaƙe su cikin barci. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a kulle masa ƙofa a ce ya yi barci ya wartsake. Wani ya zauna, yana duba numfashinsa, yana kiran sunansa lokaci-lokaci.

Zai iya firgita, zuciya na bugawa da sauri, yana cewa mutuwa zai yi ko ana bin sa. A rage haske da hayaniya, a yi masa magana a hankali. Ba a ɗura masa manja, ba a ɗura masa madara, ba a sa masa yatsa a maƙogwaro. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki.

Na uku: ruwa, kaɗan-kaɗan

Da ya farfaɗo yana iya haɗiya, aikin da ke gabanka shi ne mayar da ruwan da ya zubar. Mafi kyau ka sayi garin ORS, wato na haɗa ruwan gishiri da sukari, a kemis ka haɗa yadda aka rubuta a jiki. In dare ya yi, ka haɗa na gida: ruwa mai tsabta lita 1, wato ledar fiya wata 2, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka.

Yadda ake ba shi ya fi abin da ake ba shi muhimmanci. In ya kafa kai ya shanye kofi guda, dawowa zai yi. Kurɓi ɗaya ko cokali biyu, a jira minti biyu ko uku, a ƙara. In ya amayar, a dakata minti 10 a sake farawa. Ka lura da fitsarinsa: in yana fita yana washewa, ana kan hanya.

Bayan wasu awanni ba amai, sai koko ko kunu mara yaji, ko farar shinkafa, ko ayaba. Ruwan citta mai ɗumi yana kwantar da tashin zuciya mara tsanani. Tsire, soyayyen abu, miya mai barkono, goro, kofi da lemon ƙara kuzari su dakata tukun.

Abin da ba a sayo masa a kemis

Nan mutanenmu suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ciki na ciwo, sai a ruga a sayo ibuprofen ko diclofenac, ko garin Alabukun wanda asfirin ne a cikinsa. Duk waɗannan suna ƙara cin bangon tumbin da barasa ta riga ta ƙona, suna iya sa shi zubar da jini, kuma ga mai ƙarancin ruwa a jiki suna taɓa ƙoda. Taramol ya fi su muni: yana ƙara amai, yana daskarar da hanji, yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Haka nan ba a tafiya wurin mai agbo, wato jiƙe-jiƙen gargajiya na Yarbawa, a karɓo wani jiƙon a ɗora a kan na farko, don da yawansu da barasa ake haɗa su. Maganin taifot kuma sai an gwada an gani.

Na huɗu: gane aman da wiwi ke kawowa

Wannan shi ne zuciyar maganar. Akwai wanda ya sha sau ɗaya ya wuce gona da iri, ya yi amai, gobe ya miƙe. Akwai kuma wanda ya yi shekaru yana sha kusan kullum, sai wani irin amai ya kama shi wanda ke zuwa yana tafiya. Likitoci a Adelaide ta ƙasar Ostireliya ne suka fara bayyana shi a 2004, kuma yau asibitocin duniya sun san shi.

Yakan fara a hankali. Watanni mutum na tashi da tashin zuciya da asuba, ciki ba daɗi, amma yana cin abinci. Daga nan sai ranar da amai zai ɓalle, ba ƙaƙƙautawa, yini guda ko biyu, da murɗar ciki a wajen cibiya ko samanta, da gumi, har ya koma yunƙuri babu abin da ke fita. Sai ya lafa. Bayan makonni ko watanni ya dawo.

Alamar da ta fi fallasa shi ita ce ruwan zafi. Mai wannan ciwo yakan gano da kansa cewa wanka da ruwa mai zafi yana sauƙaƙa masa, sai ya mayar da banɗaki ɗaki. In ka ga yaro a zafin Legas yana jona hita a bokiti sau biyar, sau shida a yini, yana fitowa yana komawa, ga amai, to ka tambaye shi batun wiwi ko da bai taɓa nuna maka alama ba. Ba laifi ya yi wankan, amma a taɓa ruwan kafin ya zuba, don suna ƙona fatarsu ba su sani ba, kuma zafin na ƙara tsotse ruwan jiki. Sauƙin ma na ɗan lokaci ne, ruwan na hucewa aman na dawowa.

Abin da ke sa ciwon ya daɗe shi ne mai shi ya yi imani wiwin ne maganinsa. Kuma ba daga sama ya ɗauko ba. Gaskiya ne ɗan kaɗan na THC yana kwantar da tashin zuciya, har Amurka ta amince da wani magani da aka yi da shi tun 1985 don masu ciwon daji da ke amai. Amma a jikin wanda ya daɗe yana sha da yawa, lamarin juyewa yake. Zuciya ta tashi da safe, ya kurɓa don ta kwanta, ta ɗan kwanta, gobe ta tashi fiye da jiya. Ana gudun gara an faɗa gidan zago. In ka ce masa jiƙon ne, zai rantse maka shi kaɗai ke taimakonsa, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da yake ji ke nan.

Na biyar: lokacin da za a bar gida a nufi asibiti

Ba a jira gari ya waye idan ya kasa riƙe ko kurɓin ruwa, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko akwai jini a aman, ko aman ya yi baƙi kamar dusar kofi, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin. Haka idan an kasa tashinsa, ko numfashi ya yi ƙasa, ko ya yi jijjiga, ko ƙirji na ciwo, ko ciki ya ƙame ba ya taɓuwa. Yaro ƙarami da ya sha, da mace mai ciki, kai tsaye ake kai su.

Akwai wata alama da nake so a riƙe da kyau: gani ya dushe ko yana ganin hazo, awanni bayan ya sha. Kada a ɗauka wiwi ne, yana iya zama gubar metanol ce da ake samu a gurɓatacciyar ogogoro. A 2015 ta kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas. Tana makantarwa, tana kisa, kuma kowace awa tana da daraja. Idan kuma zawo ne ke zuba kamar ruwan shinkafa, a tuna Legas ta yi fama da kwalara a 2024, kada a ɗora wa jiƙo laifin da ba nasa ba.

Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767. Akwai asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, da manyan asibitocin gwamnati irin na Gbagada da Orile-Agege. In mara lafiyan ba ya jin Turanci ko Yarbanci, a tafi da mai yi masa tafinta, kuma ya kasance wanda ba ya jin kunyarsa, ba kawunsa ba.

A gaban likita a faɗi gaskiya: abin da yake sha, tun yaushe, sau nawa a rana, da batun wankan ruwan zafi. Likita ba ɗan sanda ba ne, aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin mara lafiya. In aka ɓoye, za a yi ta gwaje-gwaje da hoton ciki, kuɗin dako na wata uku ya tafi, a sallame ku da maganin olsa, bayan wata biyu ku dawo. In aka faɗa, za a yi masa ƙarin ruwa, a duba ƙoda da gishirin jini, a zaɓi allurar da ta dace, don maganin amai na yau da kullum sau da yawa ba ya kama irin wannan.

Na shida: dainawa

Aman da wiwi ke kawowa ba shi da wani magani mai ɗorewa sai barin wiwin gaba ɗaya. Ragewa ba ta yi. Komawa zuƙa maimakon sha ba ta yi. A zubar da ragowar kwalbar a masai.

Ka shirya shi, ka shirya kanka, don makon farko da wuya. Daga kwana 1 zuwa 3 zai fara fushi ba dalili, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ransa, ga gumin dare da mafarkai masu firgitarwa, cikin ma zai iya ɗan murɗawa. Yawanci cikin mako 2 abin ke sauka, barci ne kan ɗan ja lokaci. A nan ake komawa ruwa, don zai ce ka gani, da na daina ma abin ya ƙaru. Ka gaya masa tun kafin ya faru. A samo masa abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma in da hali ya canza wurin kwana na ɗan lokaci, don wanda ke kwana tabarma ɗaya da mai kwalba ba zai daina ba.

Wanda jiƙonsa na ogogoro ne kuma kullum yake sha, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Yanke barasa farat ɗaya yana kawo rawar hannu, ruɗewa da jijjiga, kuma wannan na iya kisa. Haka mai taramol. Irinsu a kai su Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, suna da sashen masu shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. NDLEA ma tana da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040.

Idan ya daina da gaske, wata guda ya wuce, amma amai ko ciwon ciki bai bar shi ba, a koma asibiti a nemi gwajin ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, a duba hanta da saifa da sauran kayan ciki, in likita ya ga dama a zura na'urar leƙa tumbi.